Tobiya Maƙeri da Wuƙaƙen Alhaji Aƙilu

Tobiya a maƙera ya buɗe ido. Mahaifinsa fartanya da garma yake ƙera wa manoman doya a ƙauyensu, shi kuwa da ya dawo Jalingo ya kafa rumfa a Nukkai, sai ya koma ƙirar wuƙa. Tsohon ƙarfen sifirin na mota yake saya ya buge. Mahauta da mata masu sayar da kifi su ne mutanensa: su zo, su gwada kaifi a farce, su tafi. Shekara ashirin da wani abu yana haka, ba wanda ya taɓa ce masa wuƙa ta yi muni.

Sai Alhaji Aƙilu na unguwar Majidaɗi ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya sami lokaci.

Alhaji tara wuƙaƙe yake yi. Yana da kusan arba'in a kabad mai gilashi, kuma ko lemo bai taɓa yankawa da ɗaya ba. Ranar farko ya kawo wata sabuwa fil, ya ce a cire mata ƙotar roba a sa ƙahon saniya.

"Alhaji, me ya sami wannan ƙotar? Lafiyarta ƙalau."

"Lafiyarta ƙalau, Malam Tobiya, amma kowa na da irinta. Ni ina son wadda in an gani za a ce ta Aƙilu ce."

Tobiya ya yi tsaki a ciki, ya yi aikin. Bayan kwana huɗu wuƙar ta dawo, wai ƙahon ya yi fari da yawa. Aka sa baƙi. Ta sake dawowa a ƙara zoben tagulla a wuyanta. Daga nan abin ya zama kullum: wannan a rage mata tsini, waccan a yi mata ƙotar madobiya, wata a zana suna, wata a bi bayanta da magagari a fitar da haƙora don ado. Alhaji kan zauna a benci yana kallo yana ba da shawara, mahauta na tsaye suna jira.

"Mutumin nan zai sa mini hawan jini," in ji Tobiya ga matarsa Dinatu. "Jiya cewa ya yi in ƙara wa wuƙa tsawo. Ƙarfe ne ko rogo?"

Wata safiya Alhaji ya zo da abu naɗe a tsumma. Tsohuwar wuƙa ce, wasi ya cinye ta har ta zama kamar ganyen ciyawa, ƙotar ta yi baƙi da maiƙo. Ya ce ta mahaifinsa ce, mahauci ne, da ita ya ciyar da su har suka yi karatu. Yana so a goge ta ta yi ƙyalli, a zana sunan tsohon.

Tobiya ya ɗaga ta a haske, ya ɗan lanƙwasa ta da yatsa.

"Wannan ba zan taɓa ba. Ba sauran nama a jikinta. In ta ji zafi ko bugu, ta tafi. Ka shafa mata mai ka ajiye."

"Kai dai ka cika gardama."

"Ni na san ƙarfe, Alhaji."

Alhaji ya naɗe kayansa ya tafi wurin wani mai walda a bakin titi, wanda ke da injin gurza. Da la'asar ya dawo, hula a karkace, ya buɗe tsumman. Wuƙar ta zama biyu.

Tobiya ya jefar da awartaki. Ya yi faɗa da Hausa, Hausar ta ƙare masa ya koma yarensu, har mai shayin da ke gefe ya leƙo. Alhaji kuwa yana zaune yana shafa ƙotar da babban yatsa, daidai inda hannun mahaifinsa ya yi mata rami.

Da Tobiya ya ga haka sai ya daina faɗan, ya fizge guntun mai ƙotar. Bai kai shi wuta ba. Kwana biyu yana bin sa da dutsen wasi da ruwa, a hankali, har ya fitar da sabon tsini. Ta koma 'yar gajeriyar wuƙa, ba ta fi tafin hannu ba. Ƙotar kuwa ya bar ta da maiƙonta, sunan tsohon ya zana shi a ƙaramin zoben tagulla.

Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa, ya yi godiya sau uku. Tobiya ya ɗauka an rabu ke nan.

Ranar Asabar sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji ne da abokansa biyu, Maiturare da wani Barista John, kowa da jakar wuƙaƙe. Tobiya ya hango su ta katanga, ya ce wa Dinatu ta gaya musu ya tafi ƙauye haƙar doya.

Dinatu ta fita ta dawo.

"Sun ce za su jira. Na kai musu benci."