Buntun Shinkafa a Motar Alhaji

A wani gareji a Gummi nake kallon mai gyaran wutar mota, ko sunansa ban sani ba. Siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa, ga tsohon tabon ƙuna a bayan hannunsa. Ina jin wuta ta taɓa koya masa hankali, don sai ya cire zobe ya sa safar hannu ta roba kafin ya kusanci wayoyin batirin motar masu launin ruwan lemo.

Motar Alhaji Tasi'u ce, mai aiki da fetur da batir, ni ne direbanta. Kwana uku ke nan tana mutuwa a hanya. Alhaji yana tsaye kanmu yana faɗa.

Mutumin ya jona na'ura ya karanta, ya zagaya kujerar baya, ya buɗe fankar da ke sanyaya batir. Cike take da buntun shinkafa, na buhunan da nake kai wa Innata a motar a ɓoye.

Ya dube ni sau ɗaya. Ya dunƙule buntun ya zura aljihu.

"Mi ya same ta?" in ji Alhaji.

"Hanyar iska ta toshe, Alhaji. Na share."

Har muka tafi na kasa ɗaga kai in ce masa na gode.