Kikuno Ogata, Wadda Ta Fito A Fim Da Sunanta Na Gaskiya

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Kikuno a shekarar 1931 a wani ƙauye da ke bakin kogin Saru a tsibirin Hokkaido. Mahaifinta Sanji masunci ne, mahaifiyarta Ume masaƙiya, dukkansu 'yan ƙabilar Ainu, 'yan asalin tsibirin da ake nuna wa wariya. A hannun kakarta ta tashi, a bakinta kuma ta koyi harshen Ainu, wanda a zamanin ba a yinsa sai an rufe ƙofa.

Karatu

Ta shiga firamare a 1938. Yara suka sa ta gaba da tsokana a kan kaurin girarta, alamar Ainu, har ta riƙa askewa. Daga firamare ba ta ci gaba ba.

Aiki da Aure

A 1950 ta koma birnin Otaru ta kama aiki a masana'antar kifin gwangwani. A can ta auri Shozo Ogata, ma'aikacin jirgin ƙasa, a 1955. Ya san asalinta, suka yi shawara su bar maganar a tsakaninsu saboda 'ya'ya. Shozo ya rasu a 1989, 'ya'yansu uku ba su san asalinta ba.

Fim

A ƙarshen 1993 wani kamfani ya yi shelar zai shirya fim a kan wasu baƙin manoma da guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da su a kan dutse zamanin da, wata tsohuwa 'yar Ainu ta kuɓutar da su. Suna neman 'yar Ainu ta haƙiƙa. Babu wadda ta je, domin fitowa a fim ɗin daidai yake da shelanta asali. Har an fara batun ɗauko 'yar wasa daga Tokyo a shafa mata kwalliya.

A lokacin an sa ranar auren autarta Mizue da Naoki Hasebe, kuma mahaifinsa mutum ne mai binciken asali. Kikuno ta tara 'ya'yanta ta gaya musu ko su wane ne, ta ce za ta je.

Mizue ta ce, "Mama, shekara nawa kina shiru, watannin nan ne za su gagare ki? Ki bari a sha biki mana."

Ta ce, "Bikinki na bazara ne, 'yar nan. Dusar ƙanƙara ba za ta zauna jiranki ba."

Babban ɗanta Isao ya ce, "To ki ari wani suna. Dama wa zai gane ki cikin tulin kayan fim?"

Ta ce, "Kai da ko hularka ba ka ba da aro?"

Ta je, aka ɗauke ta. A watan Fabrairu jarida ta buga sunanta da hotonta. Tsoho Hasebe, uban Naoki, ya aiko cewa a dakatar da maganar aure. Mizue ta daina yi wa uwarta magana. Cikin makon ne Naoki ya hau dutsen da ake ɗaukar fim, riƙe da dunƙulen shinkafa da ya daskare a hanya, ya ce da Kikuno, "Surukata, haƙoranki za su iya?" Ta ce ya kawo ta gwada.

An ɗaura auren a Afrilu 1994. Uwar ango ta halarta, uban bai zo ba. Fim ɗin ya fito a 1995, bai yi wata kasuwa ba, amma an ji harshen Ainu a cikinsa daga bakin mai shi.

Shekarun Ƙarshe

Daga 1996 ta riƙa raka matasan Ainu wurin gwajin 'yan wasa, tana zaune a baya tana saƙa. Mizue ce ke tuƙa ta.

Rasuwa

Ta rasu a Otaru ranar 9 ga Janairu 2012, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara tamanin. Ta bar 'ya'ya uku, Isao da Kenzo da Mizue, da jikoki biyar. An ƙone gawarta bisa al'ada, dangi suka jeru bibbiyu don tsince ƙasusuwa da tsinkaye a zuba a tulu kafin a kai maƙabarta. Da layi ya zo kan Mizue, tsoho Hasebe, wanda bai taɓa taka gidan ba, ya jingine sandarsa ya tsaya kusa da ita. Suka ɗaga ƙashi ɗaya tare.