Ƙaddamar da Injin Surukina

A gidanmu na Kurudu, inda ko ruwan wanka sai mun jira mai kura, akwai injin kwale-kwale. Na surukina ne, masunci a Yawuri, Allah ya jiƙansa. Da maigidana ya yi ritaya daga ma'aikatar tarayya sai ya ɗauko shi, ya rataye shi a bakin duro a tsakar gida, farfelar na cikin ruwa.

Inna, mahaifiyarsa, tana wurinmu a lokacin, jiki ya ƙi, ido ya tafi. Abu ɗaya ta roƙa, a tayar da injin ta ji ƙararsa. Ta ce a da, tun daga nesa take gane muryarsa cikin sauran injuna, sai ta ɗora tukunya.

Amma injin yana da ciwo. A bayan farfela akwai zoben roba guda biyu da ake kira sil, masu hana ruwa shiga, su hana mai fita. Zaren kamun kifi ya daɗe da yanka su, man ciki har ya koma kamar kunun gyaɗa. Aikin yini ɗaya ne. To, mijina ma'aikacin gwamnati ne har cikin ƙashi, sai ya kafa kwamiti.

Shugaba shi ne tsohon daraktansa. Mambobi abokan ritaya ne daga Jikwoyi da Karshi, waɗanda ba wanda ya taɓa riƙe sifana. Duk Asabar sai su zauna kewaye da duro, su buɗe da addu'a, su cinye mini shinkafa, su ɗage zama. Ni kuwa ina ɗaki ina jin numfashin Inna yana raguwa, raina yana tafasa.

Da sababbin sil suka iso daga Lokoja, hoton da ke jikin ledar ya nuna a sa su baya da baya, ɗaya ya fuskanci ruwa, ɗaya ya fuskanci mai. Darakta ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Baya da baya? Wannan ai rashin haɗin kai ne. A ofis ɗina kowa gaba ɗaya yake kallo."

"Yes sa," in ji maigidana, ɗan masunci guda. Aka sa su suna kallon waje ɗaya kamar ma'aikata a taron minista. Sannan aka yanke cewa ba za a tayar da inji ba sai an ƙaddamar da shi, ba kuma za a ƙaddamar ba sai oga darakta ya je Umra ya dawo.

Na ce, "Alhaji, Inna fa ba za ta jira Umra ba."

Ya ce, "Hajiya, komai da tsarinsa."

Ranar da ya tafi wurin tantance 'yan fansho, na ɗaura ɗamara, na taka duron da ƙafa ɗaya, na yi ta jan igiya har kafaɗata ta kusa gocewa. Injin ya yi tari, ya sake yi, sai ya ɓarke da ƙara. Kaji suka watse, hayaƙi ya cika gida, mai ya taso saman ruwa, aikin kwamiti ya nuna kansa.

Na ruga ɗaki. Inna da ta kwana biyu ba ta iya zama, na same ta zaune tana gyara ɗankwali.

"'Yar nan, ɗora tukunya," ta ce. "Ya dawo."

Na ɗora, ina kuka.

Maigida ya dawo ya ga duro, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tarar da uwarsa tana cin tuwo da hannunta tana ba shi labarin kogi. Ya zauna kusa da ita yana saurare.

Inna ta rasu kafin oga ya sauka. Da ya zo ta'aziyya, bayan an shafa fatiha, ya leƙa tsakar gida. Farfelar tana kan tabarma, maigida ya zare sil ɗin da hannunsa ya mayar da su baya da baya.

"To yaushe za mu sa ranar ƙaddamarwa?" in ji darakta.

Mijina bai ɗago kai ba.

"Ranka ya daɗe, mai shi ta riga ta ji."