Ranar da Na Ƙona Karan Shinkafa

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai, ranar da na cinna wa fadamarmu wuta zan faɗa. Ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah.

Fadamar tana bakin gulbi, kusa da Wurno. Da damina ruwa ya malale ta mu yi shinkafa, da rani mu dasa albasa. Tsakanin biyun akwai al'adar da na taras tun daga kakana: in an gama girbi, ana barin karan shinkafa ga shanun wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa, mai gangarowa daga wajen Giyawa. Shanu su ci kara mako biyu, su bar mana taki.

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba ya bar mini gonar, na sayi injin ban-ruwa, kaina ya kumbura. Na ji ana cewa wanda ya riga kai albasa Goronyo shi ke cin kasuwa. Na ce me zai zaunar da ni jiran shanu, ga takin zamani? Ban shawarci kowa ba na ƙyasta ashana.

Bayan kwana uku, da hantsi, ina jan tiyo sai ga Baffa da garkensa. Shanun duk sun rame, suka bazu suna shinshinar toka. Ya dogara da sandarsa ya daɗe yana kallo. Na so ya zage ni, ko na sami bakin kare kaina. Sai kawai ya tambayi jikin Baba, ya miƙo mini ƙwaryar man shanun da yake kawo masa duk shekara.

"Kai ma tsoho," ya ce. "Ka ce mai mun iso, mun wuce."

Da na kai, na faɗa wa Baba abin da na yi. Bai ɗaga murya ba.

"Ka san mi ya rayad da kai shekarad da ruwa yac ci muna shinkahwa? Nonon shanun ga na. Wata huɗu yana aiko muna, ba mu roƙa ba."

Kunya ta hana ni cin tuwo ranar. Washegari na labta wa jaki harawa na bi sawunsu har wajen Rabah, na iske an yanka saniya guda da ta kasa tashi. Baffa ya karɓi harawar yana ta yi mini godiya, kamar ni na yi masa alheri. Godiyar nan ta fi mari zafi.

Albasa ta yi kuɗi shekarar, ban ji daɗinta ba. Tun daga nan, duk abin da na taras manya suna yi, sai na tambayi dalili kafin in taɓa shi. Yanzu jikan Baffa ke kawo shanun, kuma ba na dasa ko gindi ɗaya sai sun cinye karansu.