Saurin da Yaya Ya Ƙara wa Kwamfutarmu

Shagon hotonmu a Ogui yake, cikin Inugu, tsakanin mai facin taya da wata mata mai suyar doya. Yayana ke ɗaukar hoto da bidiyon bukukuwan 'yan Arewa, har Anacha da Fatakwal ana kiransa. Ni kuma aikina zama gaban kwamfuta ina yankawa ina haɗawa. Kwamfutar tsohuwa ce, akwatinta na ƙarƙashin tebur. Idan na ba ta bidiyo, sai in yi salla, in ci abinci, in dawo ba ta gama ba.

Wata rana Yaya ya dawo daga Anacha da wasu siraran faranti biyu. Ya ce ram ake kiransu, a cikinsu kwamfuta ke riƙe aikin da ke hannunta kafin ta adana. Ya soka su kusa da tsofaffin, sannan ya buɗe wani shafi da ban taɓa gani ba, ya ɗaga saurinsu, ya rage wasu lambobi.

Na ce, "Yaya, waɗannan lambobin na mene ne?"

"Ɗan jiran da take yi tsakanin umarni da umarni. Idan aka rage, ba ta ɓata lokaci."

Sauri kam ta yi. Saboda jin daɗi, a watan muka kwashe duk tsofaffin ayyukanmu muka zuba a wata sabuwar ma'ajiya ta kwamfuta, muka goge na da. Katin kyamara ma da na sauke aiki sai Yaya ya share ya tafi wani bikin.

Abin ya fara da wani siririn layi kore a wuyan wani ango, a hoton da muka buga. Na ɗora laifin a kan firinta. Bayan kwana biyu, da azahar ana zafi, kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta, alhali fanka na juyawa. Yaya ya ce ƙarfin wuta ne ke sauka. Sai na buɗe hoton wata amarya na tarar haɓarta ta zame gefe, daga hanci zuwa ƙasa fuskar ba ta zauna daidai ba. Na daɗe ina kallon hoton. Mai doya ta leƙo ta gani, ta tofa yawu ta bayan kafaɗa, ta daina kawo mana ajiyar kujerarta.

Wata Litinin da ba a buɗe kasuwa ba, titi shiru, ko okada ba ya wucewa, muka kulle kanmu a shago muna duba ma'ajiyar. Hoto goma lafiya, sai ɗaya rabinsa toka. Wani bidiyon ya tafi sumul, sai murya ta yanke, bakin mutum na motsi. 

Washegari muka kira mai gyara, wani Ibo da ya tashi a Kano, Hausa a bakinsa kamar tamu. Ya sa wani gwaji ya zauna. Can sai jajayen layuka suka fara sauka a allon.

Ya ce wa Yaya, "Malam, sababbin da tsofaffin ba gudunsu ɗaya ba, kuma ka hana su ɗan jiran da suke bukata. Jefi-jefi sai ta riƙe abu ba daidai ba."

"Shi ya sa take mutuwa?"

"Mutuwar da sauƙi, ka san an samu matsala. Lokacin da ba ta mutu ba ne abin tsoro. Ta rubuta kuskuren ta adana, ta nuna maka an gama lafiya."

Ya zare tsofaffin, ya mayar da lambobin yadda kamfani ya sa. Layukan ba su sake fitowa ba. Na tambaye shi ko abin da ya lalace zai gyaru. Ya girgiza kai.

Ayyukan watan duk sun riga sun tafi hannun masu su. Ba mu san wanne ne lafiyayye ba. Kullum wayar shago ta yi ƙara sai mu dubi juna.

Kiran da ya fi tsaya mini daga Fatakwal ya zo, wani dattijo mai fataucin albasa da muka ɗauki bikin 'yarsa. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi gajiya da iyali, sannan ya ce, "'Yata, bidiyon nan yana tsayawa daidai inda mahaifiyata ke sa wa amarya albarka. Allah ya yi mata rasuwa makon jiya. Ko za ku sake turo mini?"

Na yi masa ta'aziyya, na ce ya ba ni minti kaɗan. Na buɗe namu. Tsohuwar ta ɗaga hannu, ta buɗe baki, hoton ya daskare. Na miƙa wa Yaya wayar, dattijon na kan layi yana jira.