Masarar da Na Kai wa Yayata

Assalamu alaikum. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni malamin gona ne a nan Katsina, na daɗe ina aikin gwamnati, kuma ina ji da kaina wajen sanin hatsi. Lokacin kowa ka tarar maganar kasuwanci da kwangila yake, sai ni ma na ajiye aiki, na kama hayar sito a wajen Ƙofar Kwaya, ina sayen masara da kaka in ajiye zuwa bazara. Na tarar da wani dattijo da ya tsufa yana kula da siton. Baba muke ce masa.

A wani kwas da aka taɓa tura mu na ji labarin injin ozon. Wata iska yake fitarwa mai kaifin wari, a lulluɓe buhuna da tampol a zura tiyo, ta kashe fumfuna da ƙwari ba tare da an barbaɗa magani ba. Abin ya zauna mini a rai. Da na ji wani ɗan kasuwa ya shigo da ƙarami, ban shawarci kowa ba na saya.

Shekarar nan ruwa bai ɗauke da wuri ba, manoma kuma suna gaggawar sayarwa, sai na kwashi masarar da ba ta gama bushewa ba. Ranar da ake sauke ta Baba ya ciji ƙwaya ɗaya, ya ce ba ta yi ƙara ba, a baje ta a rana ko da kwana uku ne. Na ce masa zamani ya wuce nan. Bayan wata biyu buhunan tsakiya suka ɗauki zafi, wari ya tashi, wasu ƙwayoyin suka yi kore-kore. Na kunna inji kwana huɗu, ana kawo wuta ana ɗaukewa. Da muka yaye tampol babu wari ko kaɗan. Na sa aka sheƙe ta, aka sauya buhuna. Baba ya dube ni ya ce, “Malam, wari ka kora. Abin da ya shiga cikin wanga hatsi yana nan.” Dariya na yi masa.

Ina da yaya mace a Ƙofar Durbi, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta ya rasu, da kiwon kajin ƙwai take ciyar da 'ya'yanta. Na kai mata buhu goma na masarar nan kyauta, ina ganin alheri na yi, sauran kuma na sayar a kasuwa. Ba a yi wata ba ta aiko in zo. Na tarar kaji sun daina ƙwai, sun yi laushi, kullum sai an kwashe matattu. Likitan dabbobin da ta kira ya farke ɗaya a gabanmu, ga hanta ta kumbura ta koɗe. Ya tambayi inda ta sami masara. Yaya ta ce masa ya nemi dalili a wani wuri, domin ƙanenta ne ya kawo, kuma malamin gona ne. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba.

A nan na faɗi duk abin da na yi. Likitan bai yi mini faɗa ba, bayani kawai ya yi. Ya ce ozon na iya kashe fumfunar da ya tarar, amma ba ya busar da hatsi, kuma gubar da fumfuna ta riga ta bari a cikin ƙwaya ba ta fita don an busa iska kwana huɗu. Sannan ya tambaya ko mutane sun ci. Yaya ta ce tuwo da kokon gidan duk da ita ake yi. Ta juyo ta ce, “Auta, ka ga fumfunar da idonka, ka kawo mini?” Na ce na gani, Yaya. Ta tashi ta zubar da masarar da ta jiƙa don yin kamu.

Ni da Baba muka ƙone abin da ya rage a gidan Yaya, bai kuma taɓa tuna mini gargaɗinsa ba. Na kai yaran asibiti, ba a ga komai ba, amma likita ya ce irin wannan guba a hankali take cin hanta, wani lokaci sai bayan shekaru. Yaya ta yafe mini, sai dai ba ta sake kiwo ba. Har yau idan aka ce ɗanta ba shi da lafiya, gabana sai ya faɗi.

Ban ga laifin injin ba, yana da amfaninsa a hannun wanda ya san iyakarsa. Ni ne na ga ɓarna da idona, na nemi abin da zai ɓoye ta. Don Allah masu ajiyar hatsi, ku busar kafin ku ɗaure baki, wanda kuma ya yi fumfuna kada ku ba mutum ko dabba. Kajin Yaya na ga gawarsu, na nemi gafararta. Mutanen da suka auni sauran masarar a kasuwa kuwa, ban san ko mutum ɗaya a cikinsu ba, balle in roƙe shi.