Malejin Motar Baba

Wata ranar Asabar a damunar 1989, muna kan hanyar Zariya, mun ɗan wuce Rigacikun, Umma ta dafe gaban mota da hannu biyu ta ce, "Malam, motar nan gudu take yi." Baba bai ko waiwaye ta ba. Ya nuna maleji, agogon nan mai nuna gudun mota, ya ce, "Rabi, ke da kike aji biyar, leƙo ki faɗa wa mahaifiyarki abin da kika gani." Na turo kai ta tsakanin kujeru. Allura tana kan tamanin cif. Na faɗa, Umma ta juya fuska ga taga. Amma ni ma a cikina na ji abin da ta ji, don gonakin masara suna wucewa da wani sauri da ban saba gani ba.

Baba ma'aikacin gwamnati ne, gidanmu kuma yana Unguwar Rimi, katangarsa doguwa, an jera fasassun kwalabe a kanta. Kafin a haife ni ƙanensa, Baffa Lawal, ya rasu a haɗarin mota, kuma Baba ne ya je ya ɗauko gawar. Tun daga ranar ya yi alkawari tsakaninsa da Allah ba zai taɓa wuce tamanin ba, kuma tsoron nan bai tsaya a kan titi ba, ya biyo shi har gida. Ni da ƙanena Nasiru ba ma zuwa gidan kowa. A mota ake kai mu makaranta, a mota ake ɗauko mu, malamin allo ma gida yake zuwa. Da safe in share tsakar gida, in yi wanke-wanke a bakin famfo, Nasiru ya ba kaji dusa. Da la'asar sai mu hau bishiyar gwaiba mu hango 'yan unguwa suna langa, muna jin dariyarsu. Abin da kawai muke ɗoki shi ne zuwa Zariya gaida Kaka, mahaifiyar Umma, a ƙarshen kowane wata.

Shekarar nan abubuwa sun yi tsanani, sabuwar taya ta gagari ma'aikaci. Da namu suka suɗe, Baba ya samo na hannu a Doka, irin na ƙananan motocin ɗaukar kaya. Sun fi na asali tsawo da kauri, shi kuwa abin ya yi masa daɗi, ya ce motar ta tashi daga ƙasa, ramuka sun daina dukan cikinta. Tsofaffin aka bar mana, muka riƙa gara su daga bakin gareji zuwa gindin katanga, mu juyo, domin iyakar filinmu ke nan.

Daga nan ne tafiyar Zariya ta daina yi mini daɗi. Baba mutum ne mai fita a kan lokaci, sai Umma ta lura cewa a da muna shiga gari ana kiran azahar, yanzu kuwa har mu sauka mu gaisa ladan bai fara ba. In ta faɗa, sai ya ce, "Na'ura ba ta ƙarya." Daga nan sai a kira ni shaida. In na ce tamanin, na ƙaryata uwata. In na ce gudun ya yi yawa, na ce ubana ya saɓa alkawarin da ya ɗauka a kan ɗan'uwansa. Na gwada yin barcin ƙarya, Baba ya ce Nasiru ya tashe ni. Har na fara fatan a wayi garin Asabar da zazzaɓi a jikina.

Wani zuwa, Kawu Sani, ƙanen Umma, ya biyo mu a baya da tasa motar. Muna sauka a ƙofar gidan Kaka ya fito yana dariya, bai san abin da ake ciki ba, ya ce, "Yaya, ashe an yi sallama da tamanin? Sai da na kusa casa'in kafin na riƙe ka." Ba wanda ya taya shi dariyar. Baba bai ci abincin kirki ba ranar, a hanyar dawowa kuma bai kira ni shaida ba.

Washegari da hantsi ya ce in kawo allin makarantata. Ya fito da taya ta biyar, wadda ake ajiyewa a but, irin sababbin, ya ce in garo ɗaya daga cikin tsofaffin. Ya jera su a kan simintin tsakar gida, ya ja layi a ƙasa, ya yi wa kowacce alama daidai inda ta taɓa layin. Ni na gara tsohuwar, shi ya gara sabuwar, har alamar kowacce ta zagayo ta sake taɓa ƙasa. Tasa ta wuce tawa da kusan taƙin hannunsa. Muka sake, haka dai. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon tazarar nan, sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Maleji juyin taya yake ƙirgawa, ba ƙasar da ta ci ba. Juyin yana nan yadda yake, ƙasar ce ta ƙaru." Umma tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Na zaci za ta ce wani abu. Sai ta koma ciki kawai.

Da yamma ya rufe motar da tampol, ya ce ba za ta ƙara ɗaukar iyalinsa ba sai an sami tayoyin da suka dace. Shi ya koma bin motar wani abokin aikinsa. Mu kuwa hutun makaranta ya same mu, ƙofar da ke buɗewa sau ɗaya a wata ita ma ta rufe. Ruwa ya yi ta sauka, ciyawa ta fito a ƙarƙashin motar, wata kaza ta yi ƙwai a gindin taya. Gidan ya yi tsit. Na gaji da carafke ni kaɗai, Nasiru ya gaji da tambayar yaushe za mu je gidan Kaka, har ya daina.

Ana haka aka aiko cewa Kaka tana kwance. Umma ta sa mayafinta ta tsaya a gaban Baba ta ce, "Malam, ni na ce motar tana gudu, ni kuma nake roƙonka ka tuƙa ta. Ka yi yadda za ka yi, ka kai ni in ga Inna." Can ya shiga ɗaki ya yanko filastar ciwo, ya yaye tampol, ya manna ta a kan gilashin maleji daidai saba'in. Ko filastar ma bai bari allura ta taɓa ba. Manyan motoci suka riƙa danna mana oda suna wucewa, Umma tana ta ce wa Baba sannu. Mun sami Kaka da rai, ta ma warke daga baya, abin da ta fara cewa kuma shi ne, "A ƙafa kuka taho?" Baba ya fashe da dariya, rabona da jin dariyarsa har na manta.

Bayan damuna ya sami tayoyin da suka dace, ya ɓare filastar. Bai sassauta mana fita ba, sai dai ya daina sa ni tsakaninsa da Umma. Yau su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya. Ina da motata, ina shiga Zariya in dawo a wuni guda, wayar hannuna ma tana iya gaya mini ainihin gudun da nake yi. Ina fita lokacin da na ga dama. Sai dai ko na yi latti, babu mai jin tsoro saboda ni.